Rigar Lamba Uku: Yadda Gwiwar Zaidu Sanusi Ta Raba Kan Masu Kallon Ƙwallo A Maiduguri

A daren Lahadi, 16 ga Nuwamba, 2025, ana tsuga ruwan sama a Rabat, babban birnin Maroko, Chancel Mbemba ya ajiye ƙwallo ya doka bugun fenareti na ƙarshe. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yi nasara da ci 4 da 3 bayan an tashi kunnen doki 1 da 1, Najeriya kuma ta rasa gurbin Gasar Cin Kofin Duniya karo na biyu a jere. A Maiduguri, inda rani ya riga ya kama kuma sanyin hunturu ya fara leƙowa, gidajen kallon ƙwallo na Gwange da Bulumkutu da Hausari sun watse ba hayaniya. Sai da gari ya waye aka buɗe shari'a a teburan masu shayi da rumfunan 'yan Keke Napep da bakin shagunan Kasuwar Monday.

An tuhumi kowa. An tuhumi koci Eric Chelle, wanda ya zargi wani jami'in Kongo da yin tsafi a lokacin bugun fenareti. An tuhumi Calvin Bassey da Moses Simon da Semi Ajayi da suka zubar da nasu bugun. An jajanta fitar Victor Osimhen bayan hutun rabin lokaci. Amma da ƙura ta lafa, hankali ya koma kan Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka da za a buɗe a Maroko ranar 21 ga Disamba, kuma sunan da ya fi daɗewa a bakin mutane shi ne na Zaidu Sanusi, mai tsaron baya na ɓangaren hagu a ƙungiyar Porto ta Fotugal. Tambayar ɗaya ce: shi ya cancanci tsayawa a lamba uku, kamar yadda masu kallo ke kiran wannan gurbi, ko kuwa lokacinsa ya wuce tun ranar da jijiyar gwiwarsa ta tsinke?

Daga Jega zuwa Porto

An haifi Zaidu a garin Jega na Jihar Kebbi a shekarar 1997. Ya bar gida zuwa Fotugal yana matashi, ya shiga hannun ƙungiyar Gil Vicente, daga nan ya yi zama a Mirandela, wata ƙaramar ƙungiya a arewa maso gabashin ƙasar da ke buga wasa a ƙananan rukunai. Santa Clara, wadda ke can tsibiran Azores a tsakiyar Tekun Atlantika, ita ce ta fito da shi babbar gasar ƙasar a 2019. Kaka ɗaya tak ya yi a can Porto ta ɗauke shi a 2020, a zamanin koci Sérgio Conceição.

Cikin watanni kaɗan rayuwarsa ta sauya. A Oktoban 2020 Gernot Rohr ya sa shi wasansa na farko a Super Eagles, a wasan sada zumunci da Aljeriya da aka yi a Ostiriya. A Nuwamba ya ci wa Porto ƙwallo a ragar Marseille a Gasar Zakarun Turai. A farkon 2021 yana cikin 'yan wasan da suka fitar da Juventus ta Cristiano Ronaldo daga gasar. Ranar da magoya bayansa ba su gajiya da tunawa kuwa ita ce 7 ga Mayu, 2022. A ranar Porto ta je Lisbon, gidan babbar abokiyar hamayyarta Benfica, ana canjaras ba ci har aka shiga mintunan ƙarshe na cike gurbin lokaci, sai ga Zaidu ya tsinke da gudu daga can baya ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar. Cikin waɗanda suka yi murna tare da shi a ranar har da Mbemba, abokin aikinsa a tsaron bayan Porto a lokacin, wanda bayan shekara uku da rabi ya rufe wa Najeriya ƙofar Kofin Duniya.

Mutanen Arewa maso Gabas sun gan shi kusa da gida a Janairun 2022, lokacin da Najeriya ta yi wasanninta na Kofin Afirka a Garwa da ke arewacin Kamaru, tafiyar sa'o'i daga Yola. An doke Masar da Sudan da Guinea-Bissau, sannan Tunisiya ta yi waje da tawagar da ci ɗaya mai ban haushi. Bayan shekara biyu, a Kwaddebuwa, José Peseiro ya sauya tsari bayan kunnen doki da Equatorial Guinea a wasan farko: ya jera masu tsaron tsakiya uku, ya saki 'yan gefe biyu su yi ta kai da komo. Najeriya ta buga wasa huɗu a jere ba a zura mata ƙwallo ba. Zaidu ya ji ciwo a cinya a wasan Angola, bai buga wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu ba, ya dawo a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu, 2024, wanda masu masauki suka ci 2 da 1.

Kwanaki kaɗan bayan komawarsa Fotugal, a wasan Porto da Estrela da Amadora, gwiwarsa ta juya. Gwaji ya nuna jijiyar ciki ta tsinke. Kakar wasansa ta ƙare nan take.

Ciwon da ba a gani

Yawancin gardamar da ake yi a Maiduguri tana komawa ne kan fahimtar wannan ciwo. A garin da kowace unguwa ta san mai ɗorinta, an saba auna rauni da karaya ko targaɗe ko gocewar ƙashi: a ɗaure, a yi jinya wata ɗaya ko biyu, a miƙe. Tsinkewar jijiyar gwiwa wata aba ce daban. Jijiyar tana can cikin gaɓar, ta haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri, aikinta ta hana ƙwaurin zamewa gaba ko murɗewa idan mutum ya taka birki ko ya juya da sauri. Idan ta tsinke gaba ɗaya ba ta saba haɗewa da kanta ba. Mutum na iya tafiya, har ya yi gudu a miƙe, amma da zarar ya karkata sai gwiwar ta ci amanarsa.

Ga ɗan wasan da ke son komawa babban mataki, likitoci kan yanko wani ɓangare na jijiya daga bayan cinyarsa ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, su dasa a gurbin wadda ta tsinke. Daga nan sai watanni na gashi da motsa jiki, waɗanda galibi ba su gaza tara ba, wani lokaci har shekara. Kuma ranar da aka ce mutum ya warke ba ita ce ranar da ya koma yadda yake ba. Naman cinya ya rame yana buƙatar cikowa, ƙafar da ba ta ji ciwo ba ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, zuciya kuma tana ɗar-ɗar duk lokacin da za a haɗa ƙafa da abokin hamayya. Likitocin wasanni sun daɗe da lura cewa haɗarin sake jin ciwo ya fi yawa a shekara biyun farko, kuma ƙananan raunukan nama sukan biyo baya.

Wannan ya fi tsanani ga ɗan wasa irin Zaidu, wanda jarinsa gudu ne. Mai tsaron tsakiya kan rufe raguwar saurinsa da sanin inda zai tsaya. Ɗan gefe kuwa sai ya hau ya sauko sau da yawa a wasa ɗaya, ya kuma juya a kan ƙafa guda duk lokacin da ɗan wasan gaba ya yi masa yanka. Jamilu Collins, ɗan Kaduna da ya riƙe wannan gurbi kafin zuwan Zaidu, irin wannan ciwo ya same shi a Agustan 2022, makonni kaɗan bayan ya koma Cardiff City, ya kuma cinye masa kusan kaka guda.

Kafin Zaidu ya dawo, gidan da ya bari ya canza. André Villas-Boas ya karɓi shugabancin Porto a 2024 daga hannun Pinto da Costa, wanda ya shafe sama da shekara 40 a kujerar. Conceição, kocin da ya kawo shi, ya tafi. Vítor Bruno da Martín Anselmi sun zo sun wuce, Francesco Farioli ya karɓa a bazarar 2025. An kuma sayo Francisco Moura daga Famalicão domin gurbin hagu. A tawagar ƙasa ma Bruno Onyemaechi, wanda ya bar Boavista zuwa Olympiacos ta Girka a farkon 2025, ya samu wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ƙwallon ƙafa ba a ajiye wa majinyaci kujerarsa.

Sansani uku

Wanda ya zauna a majalisun garin zai tarar ra'ayi ya kasu kusan uku.

Na farko su ne masu cewa da tsohuwar zuma ake magani. Hujjarsu ita ce gogewa. Mutumin da ya buga Gasar Zakarun Turai, ya je Kofin Afirka sau biyu kafin na Maroko, ya tsaya a wasan ƙarshe a gaban dubban 'yan Kwaddebuwa a Abidjan, ba za a haɗa shi da wanda bai taɓa ɗanɗana irin wannan matsi ba. Suna nuni da cewa Chelle da kansa ya fara da shi a wasannin Rabat, kuma tsarin kocin na cunkushe 'yan wasan tsakiya huɗu a cibiyar fili yana barin gefe fayau, sai mai huhu da sauri ne zai iya cike shi. A ganinsu, ko Zaidu ya rage gudu, abin da ya rage masa ya ishi Afirka.

Na biyu suna kallon ƙafar hagunsa ne, ba gudunsa ba. Koke-kokensu sun girmi ciwon gwiwa. Suna cewa zai yi tsere da iska ya isa kusurwa, sannan ya ɗaga ƙwallon da za ta wuce kan kowa ta faɗa bayan raga. Tawagar da ke da Osimhen, wanda ƙwallon sama abincinsa ce, tana buƙatar wanda zai ajiye masa ita a goshi cikin yadi na 18. Waɗannan sun fi natsuwa da Onyemaechi, wanda suke ganin ya fi nutsuwa da ƙwallo ko da bai kai Zaidu ƙarfin gudu ba. Wasu cikinsu ma na ganin a mayar da Bassey gefen hagu, inda ya taɓa wasa a Rangers ta Scotland, amma nan take ake tambayarsu wa zai riƙe tsakiya.

Sansani na uku ba su da yawa, galibi dattawa ne da tsoffin 'yan wasan unguwa da masu horar da yara. Su tausayin ɗan wasan suke ji. Suna tuna cewa an dawo da shi wasan ƙarshe a Abidjan kwanaki bayan ciwon cinya, ya koma ƙungiyarsa ba hutu, sai babban ciwon ya zo. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa wancan ne ya jawo wannan, amma sanannen abu ne cewa gajiya da raunin naman cinya suna rage wa gwiwa kariya. Gasar Maroko ta 2025 ta buƙaci wasa kusan kowane kwana uku ko huɗu, ga wanda ya kai ƙarshe har wasa bakwai cikin wata guda. Shawararsu ita ce a tafi da shi, a raba masa aikin da wani, domin ƙasa tana iya samun wani lamba uku gobe, shi kuwa gwiwa biyu kawai Allah ya ba shi, kuma a kansu iyali da dangi suke ci.

Muhawarar tana da ladabinta. Yaro ba ya katse babba ko da yana ganin ya fi shi sanin ƙwallon Turai, sai ya bari ya kai aya sannan ya ciro waya ya ce Baba ko Yaya ya duba bidiyo. Waya ta sauya salon gardamar ƙwarai. A da wanda ya fi murya da daɗin baki shi ke cin nasara. Yanzu kowa na da ɗan guntun bidiyon da ke goyon bayansa, wannan na ƙwallon Lisbon, wancan na damar da aka zubar, kuma guntun daƙiƙa ashirin ba ya nuna abin da mai tsaron baya ya yi a sauran minti tamanin da tara. Mafi yawan aikinsa hana abu faruwa ne, abin da bai faru ba kuwa ba ya shiga bidiyo.

Namu ne

Akwai wata magana da ke ƙarƙashin duk wannan, wadda kan fito idan gardama ta yi zafi: Zaidu namu ne. Abin lura shi ne Jega tana can kusa da iyakar yamma, Maiduguri tana kusa da Tafkin Chadi, tsakaninsu tafiyar sama da kilomita 1,000 ce a mota. Mai faɗin haka a Shehuri ko Lamisula wataƙila Babarbare ne ko Shuwa ko Babur ko Margi. Abin da ya haɗa su da ɗan Kebbi shi ne harshen Hausa da addini ga mafi yawansu, da kuma labarin yaron da ya fara a filin ƙasa ba takalmin kirki ya kai inda ya kai.

Idan aka dubi masu tsaron bayan tawagar a 'yan shekarun nan za a gane tushen wannan ji. An haifi William Troost-Ekong a Holan, Leon Balogun a Jamus, Ola Aina da Semi Ajayi a Ingila, Bassey a Italiya ya girma a Landan. Bright Osayi-Samuel a Najeriya aka haife shi amma a Turai ya tashi. Dukkansu 'yan ƙasa ne da suka zaɓi koriyar riga, wasunsu bayan sun buga wa ƙananan tawagogin ƙasashen da suka girma, kuma sun yi mata hidima: Troost-Ekong ne gwarzon gasar Kwaddebuwa. Sai dai yaron da ke atisaye a filin makarantar firamare a Bolori ba ya hango kansa a tafarkinsu. A tafarkin Zaidu yake hango kansa, kamar yadda na gabansa suka hango kansu a Garba Lawal da Tijjani Babangida da Ahmed Musa da Shehu Abdullahi.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya san wannan magana da wani suna. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa a tsara hukumomin tarayya yadda wani yanki ko ƙabila ba za su mamaye su ba, kuma akwai hukuma guda da aikinta ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata ko ƙarin girma ya san yadda ake jan igiya tsakanin cancanta da wakilci. Tawagar ƙwallon ƙafa na cikin 'yan wuraren da 'yan Najeriya suka yarda, aƙalla a baki, cewa raba daidai ba shi da hurumi. Mutum goma sha ɗaya ne, jihohi 36 ne da Abuja, kuma sakamako na fitowa cikin minti 90 a gaban kowa.

Ko a Maiduguri masu cewa namu ne ba sa neman a sa shi don asalinsa. Abin da suke zargi shi ne ma'auni biyu: kuskuren ɗan wasan da ya fito daga gida ana yayata shi, na wanda ke gasar Firimiya ta Ingila ana yi masa uzuri. Masu ja da su kan mayar da martani cewa so hana ganin laifi ne, su kuma kawo misalin Alex Iwobi, wanda ya girma a Landan amma zagin da aka yi masa a intanet bayan wasan ƙarshe na Abidjan ya sa ya goge hotunansa a Instagram. Kowane ɓangare na da abin kamawa. Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce ƙarancin 'yan Arewa a tawagar bai fara daga takardar koci ba. Ya fara ne daga filayen makarantu da aka yanka aka yi shaguna, da gasannin makarantu da suka yi rauni, da rashin masu farautar 'yan wasa da za su ƙetare Kaduna da Kano su shiga Borno ko Yobe.

Farashin kallo

Wanda bai san garin ba zai yi mamakin yadda ake ba gurbi ɗaya a tawaga irin wannan muhimmanci. A Borno kallon ƙwallo abu ne da aka biya da jini. A Yunin 2014 bam ya tashi a wurin kallon wasan Brazil da Mexico a Damaturu. A ranar 16 ga Yuni, 2019, 'yan ƙunar baƙin wake uku sun tayar da bama-bamai a wajen wani gidan kallo a Konduga, kusa da Maiduguri, mutum aƙalla 30 suka rasu. Shekaru aka yi dokar hana fita tana tashin mutane daga gaban talabijin kafin a busa tashi. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun layin wutar Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya daɗe cikin duhu, janareto da hasken rana suka riƙe gidajen kallo, kafin a buɗe tashar wutar iskar gas mai megawat 50 a 2023.

Ƙungiyar garin, El-Kanemi Warriors, ta sha irin wannan wahala. Ita ce ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992. A tsakiyar rikicin sai da ta koma buga wasannin gida a wasu jihohi, kafin ta dawo gaban magoya bayanta. A Yunin 2024, ƙarƙashin koci Aliyu Zubairu, ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas ta sake ɗaukar kofin bayan shekara 32. Murnar ba ta kai wata uku ba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin, ciki har da Gwange da Kasuwar Monday.

Mutanen da suka ga wannan duka suna da ra'ayi a kan abin da ake nufi da dawowa bayan rauni. Shi ya sa ko masu sukar ƙafar hagun Zaidu ba sa yi masa dariyar ciwo. Sun kuma san bambancin gata. Shi ya ji ciwo a ƙungiyar da ke da likitoci da na'urori da albashin da ba ya tsayawa. Matashin da irin wannan ta same shi a gasar unguwa ko ƙaramar ƙungiya, mafi yawan lokaci sai dangi su yi karo-karo a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, idan kuɗi ya gaza a koma wurin mai ɗori, ƙwallo kuma ta ƙare daga nan. Kusan kowace majalisa na da labarin wani da aka ce ya fi 'yan Super Eagles iyawa, yau yana tuƙa Keke yana ɗingishi.

Rabon Abuja

Zaɓen ɗan wasa aikin koci ne, amma yanayin da yake zaɓe a cikinsa a ofisoshi ake ƙera shi. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, wadda Ibrahim Musa Gusau ya karɓi shugabancinta a Satumban 2022, da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda Shugaba Bola Tinubu ya farfaɗo da ita a Oktoban 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko bayan rushe ma'aikatar wasanni, su ne ke riƙe da kuɗi da takardu. Kwana biyu kafin wasan Gabon a Rabat 'yan wasa suka ƙaurace wa atisaye saboda bashin alawus. Sun ci Gabon 4 da 1, amma sai da aka yi ƙarin lokaci, kuma bayan kwana uku suka sake yin minti 120 da Kongo.

Neman gurbin ya lalace tun da wuri. Koci uku ne suka jagoranci wasannin share fagen: Peseiro, Finidi George, sannan Chelle, ɗan Mali kuma tsohon mai tsaron baya, wanda aka naɗa a Janairun 2025. A wasa huɗun farko maki uku kacal aka samu, har da kunnen doki da Lesotho a Uyo da shan kashi a hannun Benin ta Gernot Rohr. Kowane sabon koci na zuwa da nasa tsarin, ɗan wasan da ke jinya kuwa sai ya sake gabatar da kansa daga farko.

Aikin takarda ma na ci ko ya kayar da ƙasa. Afirka ta Kudu ta yi asarar maki uku saboda ta sa Teboho Mokoena a wasan Lesotho alhali yana da katin gargaɗi biyu. Najeriya ta taɓa faɗawa wannan rami a Nuwamban 2017, lokacin da aka sa Shehu Abdullahi a wasan Aljeriya yana ƙarƙashin dakatarwa, FIFA ta ba Aljeriya nasara 3 da nema. An tsira ne kawai don an riga an samu gurbin Rasha.

A ɓangaren rauni, FIFA na da tsarin biyan diyya ga ƙungiyar da ɗan wasanta ya ji ciwo a bakin aikin ƙasa, idan jinyar ta wuce kwana 28, har zuwa Yuro miliyan 7.5. Irin yanayin da aka tanadi tsarin dominsa ke nan a lamarin Ola Aina na Nottingham Forest, wanda naman cinyarsa ya yage a wasan Afirka ta Kudu a Bloemfontein cikin Satumban 2025 har aka yi masa tiyata. Amma tsarin bai shafi wanda ya koma ƙungiyarsa a gajiye ya ji ciwo a can ba, kuma ba ya mayar wa ɗan wasa gurbinsa. Abin da ke kare shi shi ne likitocin tawaga su riƙa musayar bayanai da na ƙungiyarsa, a auna nauyin da jikinsa zai ɗauka, a kuma samu wanda zai iya ce wa koci a'a ranar babban wasa.

Ma'aikatan Abuja ba su manta da 29 ga Maris, 2022 ba, ranar da aka tashe su daga ofis da ƙarfe ɗaya na rana domin su cika filin wasa na Moshood Abiola, Ghana ta tafi Qatar da kunnen doki 1 da 1, 'yan kallo suka afka cikin fili. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rabin ranar hutu ba ya gyara abin da aka yi sakaci da shi shekara huɗu.

A gasar Maroko ta 2025 Najeriya ta kasance rukuni ɗaya da Tunisiya da Uganda da Tanzaniya, ta kuma zauna a birnin Fas, inda ta fara da Tanzaniya ranar 23 ga Disamba. Sa'a guda kafin a take wasa takardar 'yan wasa goma sha ɗaya za ta bazu a wayoyi. A Gwange da Bulumkutu masu gidajen kallo za su sayi man janareto tun da rana saboda ba a yarda da wuta ba, za a jera bencina, yara su zauna a gaba a kan tabarma. Idan sunan Zaidu ya fito, rabin ɗakin zai zuba ido a kan ƙwallon farko da zai ɗaga wa Osimhen. Dattawan da ke layin baya kuwa gwiwarsa za su kalla, a karon farko da zai taka birki ya juya.